Goshin Gidansu Tamau

Shekara talatin da huɗu Tamau ta yi tana kitso a barandar gidanta, a kan kujerar katako guda ɗaya, wadda ƙafarta ta gutsure aka tokare da ɓallin bulo. Sunanta na gaskiya ba wanda ya riƙe. Har mijinta, Allah ya ji ƙansa, Tamau yake ce mata, domin duk abin da hannunta ya kama ya kamu ke nan. In ta ɗaure bakin leda sai an nemo wuƙa. In ta murɗe kan famfo ta fita unguwa, mutanen gida sai su haƙura da ƙishirwa har ta dawo. To, balle kuma gashi.

Kitsonta wata biyu yake yi bai yi gezau ba. Ƙananan gashin goshin nan da sauran masu kitso ke bari suna ta yawo, ita bin su take ɗaya bayan ɗaya da tsinke tana cusawa cikin layi. Mace za ta tashi daga gabanta gira a ɗage, fuska a miƙe, ba halin juya wuya. A gefen kujerar akwai wani tsohon gwangwanin madara cike da ƙwayar maganin ciwon kai, kyauta take ba duk wadda aka gama wa, guda biyu da kofin ruwa.

"Kitson da bai hana ki dariya kwana uku ba, wasan yara ne," in ji ta. Matan kuwa su yi ta godiya da hawaye a ido, bayan wata biyu su dawo da 'ya'yansu.

Wurin mahaifiyarta ta koya, ita ma tsohuwar wurin tata uwar ta ɗauka. Akwai kuma wani abu na biyu da gidan ya shahara da shi, wato goshi. Matan gidansu gashinsu ba ya farawa daga inda na mutane yake farawa, sai an yi tafiya. Na mahaifiyar Tamau ya kusa tsakiyar kai kafin ta bar duniya. Na Tamau ya wuce saitin kunne. 'Ya'yanta mata biyu kowacce ta ɗauko. In dangi suka haɗu sai a ture ɗankwali ana gwadawa ana shewa, wai goshin arziki ne, gado ne, wadda ba ta da shi a bincike ta.

Mutum ɗaya ce wannan wasa bai taɓa ba ta dariya ba, Auta, ƙaramar 'yar Tamau. Malamar firamare ce, shekararta ashirin da takwas, gefen kanta biyu fes kamar an share. Ba abin da ba ta shafa ba. Ruwan albasa, tafarnuwa, wani mai da Tamau ke haɗawa da hannunta mai warin da ke korar kyanwa. Shekara shida da aure, mijinta bai taɓa ganin kanta a buɗe da rana ba. Ranar da iska ta zame mata ɗankwali a filin makaranta, ta ji wani ɗan aji huɗu ya ce a bayanta, "Kai, filin ƙwallo!" Ba ta hukunta shi ba. Ofis ta shiga ta rufe ƙofa ta yi kukanta. Abin da take so a duniya bai wuce gashin nan ya dawo ba.

Wata abokiyar aikinta ce ta turo mata sanarwa a waya, cewa sashen fata na babban asibiti yana bincike kan zubewar gashin mata, suna kuma gwada magani. Auta ta je ta cike takarda, inda aka tambayi dalili ta rubuta "gado". Sai aka ce tunda gado ne, ta zo da mahaifiyarta da 'yarta a duba su tare.

Tamau ta ji daɗin gayyatar, ta ɗauka girmamawa ce. Ana gobe za su tafi ta kama jikar, 'yar shekara biyar da ake kira Takwara saboda sunan kakar aka sa mata, ta matse ta tsakanin gwiwoyi ta yarfa mata ƙananan kitso sittin. "Kada likitoci su ce ba mu san gyara ba," ta ce. Yarinyar ta yi kukanta ta gaji, aka ba ta rabin ƙwaya.

Ɗakin likitar ƙarami ne, da fanka mai ƙara da gado mai farin zani. Likitar kanta yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Auta ba, gashinta gajere ba kitso ba komai. Tamau ta dube ta sama da ƙasa ta taɓe baki. Wannan ce za ta koya wa mutane gashi?

"Sannu da zuwa, Mama. Bari mu fara da ƙaramar."

Ta ɗauko wata na'ura kamar tocila ta ɗora a goshin Takwara, sai ga fatar kan ta fito a allon kwamfuta, an ƙara mata girma har kowane gashi ya zama kamar igiya. Tamau ta matso. Ta ga fatar ta ɗago tana bin kitson sama. Ta ga jajayen ƙuraje a jere a gindin layi, wasu da farin baki. Likitar ta ɗago kai.

"Wa yake yi mata kitso?"

"Ni ce nan," Tamau ta amsa tun ba a rufe baki ba, har da dafa ƙirji. "Jiya na yi shi. Wata biyu zai yi."

Likitar ta ɗauke na'urar daga goshin Takwara. Ta sa Auta ta cire ɗankwali, ta ɗora na'urar a gefen kanta. Wannan karon allon bai nuna igiya ba, bai nuna ƙurji ba. Fata ce sumul tana sheƙi, kamar tafin hannu.

"Mama, kin ga a kan yarinyar kowane gashi da raminsa? Nan duba, ramukan sun toshe, tabo ya rufe su. Kin kuma ga wannan siririn layin gashin da ya rage a gaba can? Su ne waɗanda suka yi gajarta, kitso bai kama su ba, suka tsira."

"Ni gashi ba ya kuɓuce mini," in ji Tamau, ranta ya fara ɓaci. "Kuma me ya haɗa kitso da wannan? Gadonmu ne. Uwata haka take, kakata haka take."

"Wa yake yi wa mahaifiyarki kitso?"

"Uwarta."

"Ke fa?"

"Ita."

"A duk danginku, akwai macen da ba ta da goshin nan?"

Tamau ta buɗe baki za ta ce babu, sai ta tuna. Akwai mana. Ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, wadda suke kira Raguwa. Tun tana ƙarama in aka zaunar da ita kitso sai ta yi ta ihu tana birgima har maƙwabta su leƙo, uwarsu ta gaji ta sallama ta, ta girma tana tufke gashinta biyu sako-sako kamar marar gata. Yau shekararta hamsin da ɗaya, gashinta har kusa da gira. Shekara da shekaru suna tsokanarta wai an musanya ta a asibiti.

"Raguwa," ta ce a hankali, ba da kowa take ba. Sai ta nemi bakin gadon ta zauna. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Likitar ta jawo kujera kusa da ita. Ta ce ba ita kaɗai ba ce, mata da yawa da suka shigo binciken nan da kalmar gado suka zo. Akwai zubewar gashi ta gado da gaske, amma wannan ba ita ba ce. Ja ne. In aka daɗe ana jan gashi, saiwarsa takan gaji, ta kumbura, daga baya ta mutu. Zafi da ƙuraje su ne gargaɗin farko.

"Wato ƙwayar da nake ba su…" Tamau ba ta ƙarasa ba.

"Tana kashe zafin, Mama. Jan yana nan."

"To maganin fa, likita?" Auta ce ta tambaya. "An ce kuna da magani."

"Muna da shi, amma ba zan yi miki ƙarya ba. Tsohon maganin hawan jini ne da aka lura yana tsirar da gashi, ana shafawa, yanzu kuma ana gwada shan ɗan kaɗan a ƙarƙashin kulawar likita. Saiwar da ta galabaita yana iya tashinta. Wadda ta mutu ba ya dawo da ita. Yarinyar ba ta ma buƙatarsa, a tsefe mata yau, a bar kan ya huta. Ke kuma mu gwada wata shida mu gani, ko akwai masu sauran rai a gefe."

Auta ta ɗaura ɗankwalinta a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Umma, na gaya miki fa. Ina aji ɗaya na ce miki da zafi. Kika ce in yi shiru, kada in zama Raguwa."

Tamau ta tuna ranar. Ta tuna har rigar da ke jikin Auta.

Suka kama hanyar gida. Da suka sauka a bakin layinsu, Tamau ta fara ganin abin da ta shekara talatin da huɗu tana kallo ba ta gani ba. Mai shagon kusurwa ta gaishe ta, ɗankwali an jawo shi har gira. Matar mai gyaran rediyo, haka. Telar da ke gaban gidansu ta ture nata saboda zafi, gefen kan fayau. 'Yan mata biyu suka wuce za su makaranta, ta san kawunansu tun suna goye. Kowacce da fara'a take ce mata, "Sannu da dawowa, Tamau," ita kuwa kamar ƙasa ta tsage ta shige. Duk aikinta ne, ba ta da wanda za ta ɗora wa.

Ko mayafi ba ta cire ba ta zaunar da Takwara ta fara tsifa. Kitson ya ƙi. Ita da ta yi shi, sai da ta kwashe awa uku tana lallaɓa shi da mai da bakin tsinke, kowane layi ta warware sai ƙananan gashi su biyo yatsunta da ɗan farin abu a gindinsu. Ta tara su a cinyarta tana kallo, hawaye na ɗiga a kansu.

Washegari ta juye gwangwanin ƙwayar a shara. Ta ɗauki waya ta kira Raguwa, ta ce, "Ke ce mai hankalin gidanmu," ta kashe kafin a tambaye ta dalili. Ta koma kitso, amma hannun bai san sassauci ba, sai ta riƙa tilasta masa, tana tsayawa tana tambaya, "Da zafi?" Matan suka fara ƙorafi. Wata ta ce kitson sati biyu ya yi ya tashi. Wata ta ce tsufa ya kama Tamau, hannu ya mutu. Ta yi musu bayani har bakinta ya bushe, ta ture ɗankwalinta ta nuna musu. Wasu suka ji, da yawa suka koma inda za a ja musu yadda suka saba. Wannan bai dame ta ba kamar yadda ta zata. Hankalinta duk yana kan Auta. Kullum da safe kafin a tafi makaranta sai ta je gidan Auta, ta ce a kawo kai ta duba a hasken taga.

"Kamar na ga wani abu nan."

"Umma, inuwa ce."

Wata shida suka cika, suka koma su uku. Kan Takwara ya warke sarai, gaban ya cika da sabon gashi mai laushi. Na Auta, likitar ta jera hoton farko da na yau a allo. A gefen hagu, can kusa da inda gashin ya tsaya, an sami ɗan tsiro da bai kai faɗin yatsa ba. Sauran wurin yana nan yadda yake.

"Iyakar abin da magani zai iya ke nan," in ji likitar. "Sai dai dashe nan gaba, in hali ya yi. Ki yi haƙuri."

Auta ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta juyo ta ga fuskar uwarta, sai ta yi murmushin ƙarfin hali.

"Ba komai, Umma. Ke ma haka aka yi miki."

Suka yi wa likitar sallama suka fito. A barandar asibitin suka zauna jiran mota, Takwara a tsakiyarsu tana kaɗa ƙafa, gashinta a sake iska na wasa da shi. Tausayi da ƙauna suka cika wa Tamau zuciya, ta miƙa hannu don ta shafa kan jikarta, shafa kawai.

Tun hannun bai sauka ba yarinyar ta runtse ido, ta ɗage kafaɗu har kunne, ta ƙame tana jira. Wata shida ke nan rabon da a yi mata kitso.

Tamau ta tsaya da hannu a sama. Ta dubi Auta, Auta ta kawar da kai. Sai ta janye hannun ta mayar cinyarta, ta danne shi da ɗayan.