Jummai Mai Alkaki da Gudumar Maƙeri

A unguwarmu Kara-Kara ana cewa wai Jummai mai alkaki ta yi gaba da wata rijiya a Tirmini, don ta cinye mata guga, har rijiyar ta ƙafe saboda kunya. Ƙarya ne, jama'a. Ni taubashinta ne, 'yar kawuna ce, na san maganar tun daga tushe. Rijiyar tana nan da ruwanta. Jummai ce dai har yau in ta bi ta wurin take kau da kai.

Ita Jummai ba ta faɗa, ba ta zagi. Gaisuwa ce makaminta. In ta ce maka sannu ta wuce, to kuna lafiya. Amma in ta tsaya ta tambayi iyali, ta tambayi kaji, ta tambayi ciwon ƙafar kakarka, maza ka koma gida ka tuna abin da ka yi mata. Shi ya sa mutanen kartiyenmu, wato unguwarmu, suke taka ƙasa a hankali a gabanta. Ko mai kabu-kabu ba ya yi mata oda.

Husaina, matar wani mai aikin buro, wato ofis, ita ce ba ta san haka ba. A wani suna aka miƙa mata alkakin Jummai, ta gatsa, ta ce a gaban mata wai wannan sai an kira maƙeri. Aka yi dariya. Maganar ta zaga gari, masu biki suka janye, kaskon suyar Jummai ya daɗe a kife. Ita da ke ci da 'ya'yanta da sunan alkakin nan. Kullum dai in sun haɗu sai ta gaida Husaina har da durƙuso.

Ana nan, Aliya ɗiyar Husaina ta tashi aure a wani babban gida na Birni. Uwar ango, tsohuwa mai tsinin baki, ta aiko cewa garar da ba alkakin Jummai a ciki, a bar ta inda take. Husaina ta tura 'yan aike, Jummai ta ba su ruwa, ta gaishe su har suka manta abin da ya kawo su. Dole uwar amarya ta zo da ƙafarta. Jummai ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta ce ai Aliya ɗiyarta ce, an gama. Ni da na ji haka na san akwai magana.

Ranar haɗa gara, gida ya cika da mata, sai ga Jummai da kwalloli a rufe, bayanta kuma Mamman maƙeri riƙe da guduma, yana zufa. Shi an ce masa aiki ne.

"Hajiya, kin ce alkakina sai da maƙeri," in ji ta. "Ga shi na zo da shi, kada surukanki su wahala."

Ta ce ba za a buɗe sauran ba sai Husaina ta ɗauki ɗaya ta gwada. Husaina ta taɓa shi da yatsa biyu, ya ruguje, zuma na bin lallenta. Jummai ta tambaya ko Mamman ya raka gara Birni, don a faɗa musu dalili. Nan Husaina ta ce a yafe mata, bakinta ne ya zarce. Jummai ta ce kunnenta ya yi nauyi, a ɗan ɗaga murya. Aka ɗaga, har na zaure suka ji. Tun daga ranar kaskon Jummai bai huta ba.

Jiya na je gidanta cin ɓarɓashin alkaki, na ce mata, 'yar kawu, ranar lahira ko an yafe wa kowa, ke sai kin ɗaga hannu kin ce akwai saura.

Ta janye kwanon daga gabana.

"Zan ɗaga mana. Kuma kada ka yi nisa, ɗan gwaggo, da kai za a fara."