Ɗarin da Yaya Ya Wanke da Ruwan Batir

Ni mai gyaran agogo ne a kasuwar Tasawa, ko in ce a da, kafin salula ta kashe mana sana'a mu koma rediyo da tocila. Abin da sana'ar ta bar mani shi ne ƴar tabarau ta ido ɗaya, wadda ake maƙalawa a gurbin ido a ga hanjin agogo, sai kuma haƙurin zama a kan ƙaramin abu.

Da Inna ta rasu a ƙauyenmu, Sarkin Hausa, aka zo rabon kayan ɗakinta, mata suka kwashe tasoshi da zannuwa. A ƙasan adakarta aka tarar da wata tsirkiyar fata da aka shirya wa tsofaffin kuɗin Ingilishi masu huji a tsakiya, yawancinsu ɗari, wato rabin kwabo, irin wanda aka kashe a ƙetaren iyaka zamanin Turawa. Babanmu ne ya riƙa kawo mata canjinsu daga fataucin gyaɗa wajen Katsina. Yayana, babban wanmu da ya gaji gidan da gonakin, ya ɗaga tsirkiyar da yatsa biyu ya ce, "Wannan ko goro ba ya saye. Kai mai son tarkace, ɗauka." A gaban mutane ya faɗa.

Na kawo su shago na rataye a ƙusa. Wata rana da kasuwa ta yi sanyi na tsinke fatar na sa tabarau a kan ɗaya, don kawai in ga rubutun ajamin da ke ƙasan hujin. Na ɗauki na biyu. A ido duk ɗaya suke: kambi a sama, rubutu kewaye, tauraro a baya. A tabarau kuwa kowane da halinsa. Wani harafinsa ya fito biyu-biyu kamar an buga an sake bugawa. Wani hujinsa ya kauce gefe har ya ci ƙafar kambin. Wasu da ɗan ƙaramin harafi a ɓoye, wasu babu. Na gane cewa ƙarfen da ake buga kuɗin da shi yana tsufa kamar kowane kayan aiki, yana tsagewa, yana cika da datti, kuma duk abin da ya same shi sai ya bar shaida a jikin kuɗin.

Daga nan abin ya kama ni. Ranar kasuwar Kona ina can, ranar ta Mayahi ina can. Ina bin tsofaffi mata masu sai da daddawa, ina bin ƴan koli, ina bin matan Fulani da ke sa irin kuɗin nan a kitso da wuya. Wata ta ba ni don na gyara wa mijinta rediyo, wata ta ce in kawo mata sabon dutsen wuya mu yi musaya. Ana yi mani dariya, ina sane. Kowane na samu sai in goge shi da tsumma mai laushi kawai, ba ruwa ba toka, in naɗe a auduga in sa a kwalin ashana shi kaɗai. Kwalayen na jera su a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado.

Akwai guda uku da na fi ji da su. Na farko cikin na Inna yake: wata ƴar tsaga siririya kamar gashi ta taso daga baki ta tsaya a tsinin tauraro. Bayan shekaru na sami ɗan'uwansa a Kona, tsagar nan dai, a wurin nan dai, amma ta ratsa tauraron ta kai huji. Na ukun a hannun wata tsohuwar Bafillata na same shi kusa da Mayahi, a nan tsagar ta buɗe har ƙarfe ya taru ya yi ƙulu. Ƙarfe ɗaya ya haife su, a wata ƙasa da ban taɓa gani ba, suka watsu a duniya, suka sake haɗuwa a tafin hannuna. Ranar da na jera su ban ci abincin rana ba. Akwai kuma ɗaya da aka manta ba a huda shi ba sam. Irinsa ban sake gani ba.

Sai jita-jitar nan ta shigo. Kowa a ƙasarmu ya ji ta. Wai tsohon kuɗi mai huji akwai wani sinadari a cikinsa da Turawa suka ɓoye, wai ana nema ruwa a jallo, wai wanda ya dace da na gaske ya gama da talauci har jikokinsa. Baƙi suka riƙa sauka a tasha da manyan riguna da salula biyu-biyu. Wasu sun zo shagona, na ce su ƙara gaba. Yaya ma ya kira ni.

"Kuɗin nan na Inna suna nan?"

Na ce, "Suna nan, Yaya. Amma maganar nan ƙarya ce, ƴan damfara ne. Kada ka saurare su."

Ya ce, "To," ya kashe.

A lokacin yanar ido ta rufe mani idon dama, idon tabarau. Bayan girbi na tafi Maradi aka yi mani aiki, na zauna gidan ƴata har aka cire bandeji. Na dawo Tasawa ina murna kamar yaro, don na daɗe ban ga tsagar nan da kyau ba. Na shiga ɗaki na miƙa hannu ƙarƙashin gado. Wayam.

Maiɗakina tana tsaye bakin ƙofa, ta kasa haɗa ido da ni. Ta ce, "Malam, Yaya ne ya zo. Ya ce kayan gado ne, ya ce kai ka san da maganar. Na ce ya bari ka dawo, ya ce tun yaushe matar ƙane ke tsare shi a ƙofa."

Ita ba ta da laifi. Likita ya hana ni shiga rana da iska, amma washegari na shiga taksin daji, inda mota ta tsaya na hau babur ɗin kabu-kabu, na rufe idon da rawani har Sarkin Hausa.

Na same shi a zaure. Ya amsa sallama bai ɗago ba. A gefensa ga akwatina a buɗe, kwalayen ashana a warwatse, wasu yara sun riga sun yi mota da su a tsakar gida. Ga wani kwanon sha, a ciki kuɗina ne gaba ɗaya a cuɗe kamar tsakuwa.

Na tsuguna na ɗebo. Hannuna ya san su kafin idona, kuma hannun ya ce ba su ba ne. Sun yi kaushi kamar harshen saniya. Na fiddo tabarau na sa a sabon idona. Wayyo. Fuskar kowane ta ci, ta yi ramuka ƙanana. An goge bakinsu da magagari har farin ƙarfe ya fito. Wasu an sa su a wuta sun yi baƙi sun lanƙwashe. Haruffan nan masu fitowa biyu-biyu ko ɗaya ba a gani. Na nemi ƴan ukun nan, na juye kwanon a tabarma ina bi ɗaya bayan ɗaya, ban iya ko ware su daga sauran ba. Marar hujin kaɗai na gane, shi ma don an huda shi da ƙusa, hujin ya karkace.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ya ce, "Sun ce na gasken wani lokaci a toshe yake, sai an buɗe."

Sannan labarin ya fito, guntu-guntu. Baƙin sun ce ba su saye sai an gwada. Gwajin kuwa da wani ruwa ne na musamman da su kaɗai ke da shi, kuma sayensa ake. Kuɗin da ya sa ruwan ya koma ja shi ne na gasken. Yaya ya sai da sansa na huɗa ya sayi ruwan. Suka ce a kankare bakin kuɗin tukuna don ruwan ya shiga, wanda ya ƙi a gasa shi. Suka tafi wai za su ɗauko mai sayen. Salularsu ba ta sake shiga ba. Na shinshina kwalbar. Ruwan batir ne, irin wanda nake gani kullum wajen masu cajin batir a bayan shagona.

Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba tun muna yara. Ranar na ɗaga. Na ce, "Na gaya maka ko ban gaya maka ba? Da bakina na ce maka ƙarya ce! Ka jira sai da aka rufe mani ido ka shiga ɗakin matata?"

Ya ce, "Na Inna ne. Ina da haƙƙi a ciki."

"Na Inna tsirkiya ɗaya ce, kuma kai ka ba ni a gaban jama'a! Sauran fa? Kai ka bi rana zuwa Kona? Kai ka zauna a rugage?"

Ya ɗago a karo na farko, idonsa ja. Ya ce, "Ni sa na rasa. Kai me ka rasa? Kuɗin da ba ya sayen komai?"

Wannan maganar ita ce har yau take ci mani rai, fiye da ruwan batir ɗin. Da sacewa ya yi ya sayar, da na ce suna can hannun wani, wata rana wani mai ido zai duba ya ga abin da na gani. Amma shafe su ya yi. Abin da ya tsira daga hannun ƴan kasuwa da gumin wuyan mata da ƙasar adaka tun kafin a haife mu, shi ya gama da shi a yini ɗaya, kuma bai ma san ya kashe wani abu ba.

Aka kira baffanmu, ƙanen mahaifinmu, tsoho ƙwarai. Ya saurare mu ya ce Yaya ya yi kuskure da ya shiga gidan ƙanensa ba izini, ya ba da haƙuri a kan wannan. Yaya ya bayar, yana kallon bango. Sannan baffa ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma, ƙarfe ne fa. Kada in ji an ce ƴaƴan ɗan'uwana sun raba zumunci a kan ƙarfe." Duk zauren aka ce gaskiya ne. Aka shiga jajanta wa Yaya sansa. Ni ba wanda ya ce mani sannu. Wani ma cewa ya yi ai yanzu sun fi haske.

Na bar masu kwanon a nan. Bayan kwana kaɗan Yaya ya aiko da buhun hatsi a amalanke. Na ce a mayar. Maiɗakina ta ce ba za ta iya wannan rashin kunya ba, ta sa aka shigar. Mun ci shi. Tuwon bai yi mani daɗi ba ko sau ɗaya.

Ban sake tara ɗari ba. Ko na so ma babu, don jita-jitar ta bi gida-gida, abin da ba a kankare ba an gasa. Matan da ke ba ni a da yanzu in na tambaya sai su ɗauka ni ma na san wani sirri.

Da damina ta faɗi, labari ya zo cewa Yaya da ƴaƴansa da hauya suke fama, gonar gado ta fi ƙarfinsu tunda babu san huɗa. Gonar ubana ce, ba zan bari ciyawa ta cinye ta ba. Na rufe shago na je. Na karɓi hauya na kama kunya kusa da tasa, muka yi ta noma. Da rana ta take muka zauna gindin gawo, aka kawo fura. Ya sha ya miƙo mani ludayin.

Ya ce, "Har yanzu abin na ranka?"

Na ce, "Har yanzu, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Muka tashi muka koma noma.