Tankin da Na Wanke

Ko yau in na rufe ido ina ganin ranar Larabar da na yi wa kamfaninmu tsaftar da ta rushe shi. Ku da kuke kirana Baba Heluma, kuna cewa ba a taɓa kama ni da laifi ba, to ku saurara. Gaskiya ne, ba a kama ni ba.

A lokacin ni ne shugaban leburori a wani ƙaramin wurin haƙar zinari tsakanin Ƙanƙara da Faskari. Dutsenmu irin mai taurin kai ne, zinarin a kulle yake a ciki, ko an niƙa an wanke ba ya fita. Sai Alhaji mai kamfanin ya ɗauko Injiniya Sanusi, ɗan garin Mairuwa, ya ba shi wata shida ya gwada dabararsa, in ba ta yi ba ya kama gabansa.

Dabarar kuwa ita ce kiwon wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, cikin tankin ruwa mai asid. Idan sun yi yawa a zuba ruwan a kan niƙaƙƙen dutse, su cinye abin da ya rufe zinarin. Ruwan ja ne kamar tsatsa, ga wari, har ya huda mini wando biyu. Injiniya kan leƙa tankin da safe kamar mai duba jariri.

"Baba, waɗanga su ne ma'aikata na gaskiya," in ji shi. "Ba hutu, ba yajin aiki."

"To Allah shi ba su lada," na ce. A raina kuwa haushi nake ji, wai ruwan ɗoyi ya fi ni daraja.

A wata na biyar Injiniya ya tafi Funtuwa sayen asid, hanya ta lalace, ya kwana biyu. Sai ga saƙo Alhaji zai zo da baƙi. Kun san al'adarmu in manya za su zo: a share, a jera duwatsu, a shafe komai da farar ƙasa. Na dubi tankin nan na ce ba za a kunyata ni ba. Na sa aka juye shi a rami, aka goge da toka da sabulu, na shafe shi fari tas da hannuna, aka cika da ruwan rijiya.

Baƙi suka yaba ƙwarai. Ɗayansu ya ce bai taɓa ganin ruwan ma'adinai mai kyau haka ba.

Da Injiniya ya dawo ya leƙa, sai ya zauna a ƙasa. Alhaji ya tambaye shi mi ya faru. Ina tsaye a gefe ina ji.

"Sun mutu, Alhaji," ya ce. "Laifina ne."

Aka sallame shi. Ni aka ƙara mini girma saboda tsafta. Ba a shekara ba wurin ya rufe.

Bara na gan shi a kasuwar Ƙanƙara yana sayar da taki. Na durƙusa na faɗa masa komai.

"Tashi, Baba, mutane na kallo. Ai tun ranar na sani, ko farar ƙasar ba ka wanke daga farcenka ba."

"To don mi ba ka faɗa ba?"

"Kana da ɗiya tara. Ni ko aure ban yi ba."

Shi ya sa nake gaya muku, a aikin nan kada ku taɓa abin da ba ku gane ba, komai muninsa. Kuma in kun ga wanda bai taɓa laifi ba, ku nemi wanda ya ɗaukar masa.