Injin da Ba Ya Tofar da Ruwa

A bakin gaɓa, inda ake gyaran jiragen ruwa, wani tsoho yana tsugune a bayan jirginsa, ya ƙura wa wani bututu ido. Tafukansa sun yi kanta, faratansa duk baƙin mai. Yau aka ɗora wa jirgin sababbin injuna, ɗansa da makanike suna ciki suna gwadawa.

Da gani, a leƙen bututun nan ya tsufa. Tsohon inji in yana tofar da ruwa ta cikinsa, to lafiya. In ya daina, ƙonewa zai yi. Yanzu ga sababbi suna gurnani, bututu kuwa a bushe.

"Ku kashe! Ba ya fitar da ruwa!" Ya zabura har hularsa ta faɗi.

Ɗan ya leƙo. "Haba Baba, waɗannan ruwansu a ciki yake zagayawa. In sun yi zafi, allon nan zai rubuta."

"Ya rubuta wa wa?"

Ya tsinci hularsa, ya taka zuwa tsohon injin da aka yasar a yashi, ya ɗora masa tafi yadda ya saba. Sanyi ƙalau.