Lambobin da Ban Ƙirga Ba

Ko da zan manta duk abin da aka koya mini a jami'a, ba na jin akwai ranar da zan manta da abin da ya faru tsakanina da mahaifina a kan maƙalata ta farko. Shekaru sun ja, na rubuta wasu bayanta, har ga shi yanzu ɗalibai ke kawo mini nasu ina zana musu jan biro. Amma wannan ta farkon ban taɓa ba da labarinta yadda yake ba sai yau.

Ƙauyenmu na kusa da Haj Abdalla, cikin gonakin Jazira. Baba yana da hawasha, wato kason gonar da aka ba shi yana nomawa da ruwan tur'a, magudanar ban-ruwa, kamar kowane magidanci a garin. Babban abokin gabar dawa a wurinmu shi ne ƙuduji, wanda Larabawa ke ce wa buda. Ciyawa ce mai kyakkyawan fure, amma a ƙarƙashin ƙasa take kama saiwar dawa ta tsotse ta har ta tsumbure. Baba yana da dabarar da ya gada wurin mahaifinsa, wanda ya taso daga yamma da niyyar Makka, tafiya ta tsaya masa a nan. A rami ɗaya yake jefa dawa da wake, su tashi tare, kuma ƙuduji bai cika yi masa yawa ba. Tun ina ƙarama nake jin labarin wani mufattishi, mai duba gonaki, da ya taɓa tsayawa a bakin hawashar ya ce masa jahili a gaban mutane, wai ya cakuɗa shuka kamar mai dafa dambu. Baba kuwa bai daina ba. Sai dai maganar ta zauna masa a rai shekara da shekaru.

Saboda haka da na shiga karatun digiri na biyu a fannin noma a birnin Madani, ban sha wahalar neman abin bincike ba. Ranar da na gaya wa Baba cewa dabararsa zan gwada, in rubuta, a buga a mujallar kimiyya inda masana za su karanta, sai ya ƙara mini gahawa da hannunsa, abin da bai taɓa yi wa ɗa ko ɗiya ba.

Malamin da ke duba aikina mutum ne mai tsanani. Shi ya koya mini cewa maƙala gabatarwa ce, da hanyar aiki, da sakamako, da tattaunawa, kuma hanyar aiki ita ce ƙashin bayanta. Yakan ce in rubuta ta yadda wani da bai taɓa ganin Jazira ba zai iya maimaita abin da na yi ba tare da ya tambaye ni ba. Ya kuma ce babbar mujalla ba ta karɓar gwajin gona na damina ɗaya, sai biyu. Na raba wani yanki na hawashar kashi-kashi da turaku da igiya. Wasu kason dawa da wake irin na Baba, wasu dawa zalla don a samu abin kwatantawa. Sharaɗin aikin ɗaya ne: kada a cire ƙuduji ko guda, ni kuma duk bayan mako biyu in zo in durƙusa in ƙirga wanda ya fito. Daminar farko komai ya tafi daidai, kuma lambobi suka bi bayan Baba.

Ga inda na fara kuskure. Baba ya ce mu tara maƙwabtan gona mu yi musu bayanin igiyoyin nan. Na ce ba sai an yi ta surutu ba, ai ba ganewa za su yi ba. Ina da girman kai a lokacin, ban ɓoye ba. 'Yar boko ce ni mai jaka da littafin rubutu, ina ganin duk wanda bai san Turanci ba sai dai a yi masa aiki, ba a yi da shi ba. Duk wanda ya tambayi Baba sai ya ce aikin makarantar yarinya ne, a wuce wurin.

A damina ta biyu, daidai lokacin da ƙuduji ke tsakiyar fure, wato ƙirgan da ya fi kowane muhimmanci, Baba ya faɗi a bakin tur'a. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Muka kwashe shi zuwa asibiti a Madani, na yi kusan mako uku a gefensa ina ba shi kunu da cokali. Gona ko a mafarki ban tuna da ita ba.

Da ya ɗan samu sauƙi na hau mota na je in duba. Tun daga nesa na hango hawashar. Gonar fes take, ko fure ɗaya babu. An cire turakuna, an naɗe igiyoyin da kyau an rataye a reshen bishiya don kada gara ta ci. Can gefe ga tokar ƙudujin da aka tara aka ƙone. Aminin Baba, wanda muke kira Baffa, ya taso daga tasa hawashar yana murmushi, yana share hannu a jikin riga.

"Ɗiyata, sannu da jinya," ya ce. "Ba mu iya kallon gonar amininmu ta ci wuta shi yana kwance. Nafir munka yi mai ran Assabar. Kalas, an gama, ko guda ba mu rage ba."

Nafir shi ne gayya. A garinmu abin kunya ne gonar majinyaci ta lalace maƙwabta na gani, kuma kowa ya san idan ƙuduji ya zubar da iri ba gona ɗaya zai tsaya ba. Mutum wajen ashirin suka bar nasu aikin, mata suka dafa asida, tuwonmu na dawa, suka kai musu. Duk wannan na san shi sarai, a ciki na girma. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wa ya aike ku?"

Har yau ina ganin yadda murmushin ya bar fuskar tsohon nan. Ya ɗauki fartanyarsa ya koma. Ni kuma na zauna a kan kunyar gona na yi kuka mai isata, rabi don aikina, rabi don bakina.

Muka dawo da Baba gida, maganarsa ta yi nauyi, ba ya iya tashi sai an ɗaga shi. Likita ya ja ni gefe ya ce mu yi ta addu'a, irin wannan kan dawo. Shi kuwa Baba duk zuwan da zan yi daga Madani tambayarsa ɗaya ce, an rubuta? Na yi lissafi na ga idan zan sake gwajin sai wata damina, sannan rubutu, sannan jiran mujalla. Shekara biyu ke nan, kuma ban ga alamar yana da su ba.

Sai na yi abin da na yi. Na buɗe lambobin daminar farko, na ƙara nan, na rage can, na cike gurbin da gayya ta share. Na gaya wa kaina ai ba ƙarya ba ce, na san abin da zan samu da an bar ni na ƙirga. Malamina bai san komai game da gayyar ba, ya duba jadawalin ya yaba, ya gyara mini Turanci. Na aika wa mujalla. Na yi wata huɗu ina buɗe imel kamar mai duba tukunya a kan wuta. Daga ƙarshe amsa ta zo: masu tantancewa biyu sun gamsu, 'yan gyare-gyare kaɗan suke so, sai a buga.

Na buga takardun na taho gida da zumuɗi. Bayan la'asar aka fito da Baba ƙarƙashin rumfa a kan angarib ɗinsa, gadon igiya, aka tokare masa baya da matashi. Ya ce in karanta masa duka, kada in tsallake komai. Ina karantawa da Turanci a zuci ina juya masa da Hausa. Da na zo inda aka ce dabarar gado ce daga manoman da suka zo daga yamma, sai ya ce in maimaita, na maimaita har sau uku. A hanyar aiki ma ya kama ni da gyara, ya ce tazarar ramukan da na faɗa ta ɗan fi tasa faɗi. Muka yi dariya, na ce wannan da awo aka auna, ba da taku ba. Rabon da in ga ya yi dariya tun kafin ya faɗi.

Sai na shiga sakamako. Na karanta daminar farko, yana gyaɗa kai. Na shiga ta biyu, ina cewa a mako na kaza an ƙirga kaza a kason dawa zalla, a mako na kaza ya ƙaru zuwa kaza. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, na tsaya.

"Makon nan da kinka ce," ya faɗa a hankali, yana jan kalmomin, "ba lokacin da nike kwance Madani ba na?"

Na ce shi ne.

"Ke kina ba ni kunu. Su kau sun yi nafir, Baffanki ya hwaɗa mani tun ran da yaz zo gaisuwa. To wa yaƙ ƙirga?"

Ashe ya sani tun tuni. Duk watannin nan ya ɗauka abin da ya faru na rubuta. Na fara kame-kame, ina cewa ƙiyasi ne, masana ma na yi, kuma ai gaskiyar dabarar ba ta canza ba. Ya bar ni har na ƙare. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Mufattishi ya ce mani jahili gaban mutane, na haɗiye, don na san gaskiya na gare ni. In wagga takarda ta hita, ɗiyata, gaskiya ta koma gare shi."

Daga nan ya ce a mai da shi ɗaki, iska ta yi masa yawa. Na zauna da takardu a cinya har aka kira magariba. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba, kuma ban taɓa jin haushin mutum yadda na ji nasa ba, domin don shi na yi.

Kwana uku na yi kafin na iya zuwa wurin malamina. Da na gaya masa, ya ce in gode wa Allah da uba ne ya kama ni, ba duniya ba. Ya tsaya a kaina na rubuta wa editan mujallar cewa na janye maƙalar, na faɗi dalili ba tare da kwaskwarima ba. Daga can na wuce gidan Baffa na durƙusa. Ya ce ya yafe tun a gona, ya ƙara da cewa da na gaya musu amfanin igiyoyin, da su da kansu za su yi gadin ƙudujin har in dawo.

Amsar editan ita ce ta ƙarasa ni. Ya yi godiya da na faɗa kafin a buga. Sannan ya ce suna da sashe na gajerun rahotanni, inda ake karɓar sakamakon damina ɗaya muddin an faɗi cewa ɗaya ce, an kuma bayyana abin da ya hana ta biyu. Yana nan rubuce a ƙa'idojin mujallar, ni ce ban karanta har ƙasa ba. Ya ce in ina so in sake aikowa a haka, amma sai ta bi layi daga farko, wurin sababbin masu tantancewa.

Na sake rubutawa. Ta koma shafi huɗu, jadawali ɗaya. Gayyar mutum ashirin ta shiga cikin jimla biyu: an yi watsi da gwajin damina ta biyu domin manoma maƙwabta sun cire ciyawar yayin da mai gonar ke jinya. Na karanta wa Baba wannan, ya ce haka aka yi. Tambayarsa ta koma, sun amsa? Duk Alhamis da na zo gida in ce tukuna. Daga baya maganar ta gagare shi, sai dai ya bi jakata da ido idan na shigo, ni kuma in girgiza kai.

Ciwon ya dawo masa ana gab da girbin shekarar da ta biyo baya, bai kwana biyu ba ya rasu. Saƙon karɓar maƙalar ya iso bayan an share makoki da kwana tara. Wata huɗu ta yi a hannunsu, daidai da abin da ta ƙaryar ta ci. Na ƙirga watannin nan ya fi sau ɗari, kuma kullum amsa ɗaya suke ba ni: da ta gaskiyar na aika tun farko, da Baba ya ji an karɓa yana zaune, da bakinsa, da sauran dariyarsa. Sauri ya haifi nawa.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na saye shi. Mai bincike ya fara yi wa mutanen da zai yi aiki a ƙasarsu bayani kafin ya kafa turke ko ɗaya. Ya karanta ƙa'idojin mujalla har layin ƙarshe. Sama da duka, ya rubuta abin da ya faru, ba abin da ya kamata ya faru ba, ko da abin da ya farun ɗan kaɗan ne kuma da kunya a ciki. Ni na yi ƙarya don mahaifina ya ga aikinsa a buge kafin ya mutu, kuma ƙaryar ce ta cinye masa watannin da suka rage.