Mai Karanta Hannun Rebbi Fraji

Duk shekara in ranar rasuwar Rebbi Fraji Ashush ta zagayo, mutanen Hara, unguwarmu ta Yahudawa, sukan kunna fitilun mai, a dafa kuskus da kifi, a yi ta ba da labarin iliminsa. Ni Gzala nakan zauna a gefen mata in yi shiru. Na gaji da gyara musu zance. Malami ne na gaske, ban musa ba, daga Jerba har Tarabulus ake aiko masa da tambaya. Sai dai ba mai ambaton ubana, Bugid Madar, wanda ya ƙarar da idonsa a kan rubutun malamin.

Baba mai jera haruffa ne a wata ƙaramar maɗaba'a bayan majami'a. Bai yi zurfi a karatu ba. Aikinsa tsintar haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a juye, domin su fito daidai a takarda. Abu guda ya fi kowa da shi: yana karanta rubutun hannun Rebbi. Hannun nan kuwa, Allah Ya jiƙan mai shi, kamar kaza ta taka tawada. Ga shi yana gutsure kalmomi, jimla guda ya mai da ita haruffa huɗu na ƙirƙirarsa. Shekara goma sha biyu Baba yana zarya gidansa da takarda a hannu yana tambaya, har ya haddace dabarun.

Da Rebbi ya kwanta ciwon ajali, ya bar kundaye goma sha ɗaya na fatawa da ba a buga ba. Bai kira almajiransa ba, Baba ya kira.

"Bugid, kai kaɗai ka san hanyar gonar nan. Kada ka bari ta koma daji."

"In Allah Ya yarda, Rebbi."

Wannan alkawarin ya cinye mana uba. Mahaifiyata, Inna Kuka, takan tsaya a ƙofar maɗaba'a da kwanon abincin da ya huce ta ce, "Baban Gzala, ni na auri mai rai ko mamaci? Malam ya huta abinsa, kai ya bar maka gadon ciwon ido."

"Bari in ƙarasa layin nan."

"Layin nan tun ina da haƙora kake ƙarasa shi!"

A shekara ashirin da biyar ya buga kundi bakwai. A lokacin Hara ta fara zubewa. Yau ka ji gidan wane sun hau jirgin ruwa, gobe gidan wane. Mai maɗaba'ar ma ya tafi, ya bar wa Baba mabuɗi da akwatunan haruffa. Inna ta rasu. Sai farar yana ta sauko a idon Baba, dama da fari, hagu daga baya. Saura kundi huɗu.

Na riga na yi aure har ina da 'ya'ya uku sa'ad da ya aiko a kira ni. A wurinmu ba a koya wa mata karatu, amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

"'Yar nan, ara mini idonki."

"Baba, ni da ko alif ban sani ba?"

"Ai shi ya sa. Wanda ya sani gardama zai yi mini."

Ya riƙa ɗauko harafin dalma da yatsu, ya shafa, ya sa mini a tafin hannu ya faɗi sunansa. Wata biyu muna haka, na haddace su tsaf. Ran da aka buɗe mini littafi bugagge, sai na ga komai ya juya mini baya. Ashe a juye ya koya mini, yadda yatsunsa suka san su shekara arba'in, ya manta sauran duniya ba haka take ganinsu ba. Ya yi dariya har da hawaye, daga nan hawayen ya ci gaba babu dariyar. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba.

Muka sake dabara. Ni in dubi kundin in kwatanta, shi ya canka.

"Wannan kamar ƙugiyar kifi, da ɗan wutsiya."

"Wutsiyar sama ta yi ko ƙasa?"

"Baba, ƙuda ne ya mutu a wurin."

"Kankare shi ki duba, uwar surutu."

Shafi ɗaya yakan ci mana mako biyu. Na lissafa a raina, ko mun yi shekarun Nuhu ba za mu gama ba. Shi ma ya sani. Duk da haka kullum bayan addu'ar safe yana zaune yana jirana, ga mijina yana ƙorafi, ga tukunya a wuta. Na gaji, wallahi na gaji, wani lokaci har na ji haushin Rebbi a kabarinsa. Shekara uku muka yi, shafi saba'in da 'yan kai, sannan Baba ya rasu da sanyin hunturu.

A al'adarmu rubutu mai sunan Allah ba a yar da shi. In ya tsufa ko ya gagari karantawa, akan sa shi a tulun ƙasa a binne kusa da wani malami. Kafin a fita da gawa na sa aka kawo tulu, na zuba kundayen huɗu, na ce a binne su da Baba. Dattawa suka taru a ƙofar gida. Babbansu, Zakin Huri, ya gyara murya.

"'Yar Bugid, ki yi haƙuri. Kusa da malami ake sawa. Mahaifinki mutumin kirki ne, amma ɗan sana'a ne."

"To, Kawu Zakin, ga kundi. A cikinku wanda ya karanta mini layi ɗaya, a ajiye masa tulun sai ranar tasa jana'izar."

Ya karɓa, ya buɗe, ya kai shi kusa da hanci, ya nisantar. Ya miƙa wa na kusa da shi, wannan ya miƙa wa wancan. Kundin ya zagaya ya dawo hannuna ba wanda ya karanta ko layi ɗaya. Mata ba sa bin gawa, daga bakin ƙofa na ga tulun ya bi bayan makara.

Yanzu 'ya'yana duk suna Marsiliya, can ƙasar Faransa. Kowane biki sai sun ce in tattara in taho, har sun ce za su nemi izini a tono ƙasusuwan Baba a tafi da su, tunda sun san ba na barinsa. Na ce su dakata. Shafin da muke kai a makon da ya rasu, tambayar ke nan da wani ya aiko wa Rebbi: mai ƙaura zai iya tono mahaifinsa ya tafi da shi? Mun yi kwana tara muna bin amsar, harafi harafi. Ranar Alhamis Baba ya ce, "Na gane. Ya ce ya halatta, muddin..." Kalmar da ke biye ta gagare ni kwatantawa, ya ce mu bari sai Lahadi. Bai kai Lahadin ba.