Kibiyar Baba Wasiƙa

Shekara talatin da huɗu Baba Wasiƙa ya yi yana raba wasiƙu a ƙafa, kuma bai taɓa tsayar da mutum ya tambayi hanya ba. Shi ake tambaya. Ya san gidan da karensu haushi kawai ya iya, ya san gidan da nasu ke cizo ba sanarwa. Kullum zagayensa daga ƙofar baya ta ofishin gidan waya yake farawa, inda ake ware wasiƙu a kan dogon tebur, a nan kuma yake ƙarewa idan ya rataye jakarsa a ƙusa ta uku.

Da ya yi ritaya, ƙafafun suka ce su ba su san zancen ba. Sati biyu ya yi a gida yana gyara abin da bai lalace ba, har matarsa, mai ɗinki a falo, ta fara ɓoye masa guduma. Sai ya gano duwatsun bayan gari. Da ya karya kumallo sai ya ɗaura takalmi, ya biya ta ofis ya koya wa ma'aikata jera ambulan ba tare da kowa ya roƙe shi ba, daga nan ya hau dutse, ya dawo cin abincin rana.

Wata rana bai dawo ba sai da yamma lis, bayan maƙwabta sun bazu nemansa, wandonsa duk ƙaya. Wai iska ya tsaya sha. Gaskiyar magana, ya tsaya ne tsakanin duwatsu biyu masu kama da juna, hanya ta ɓace masa ɓat, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Dutse ba shi da lambar gida.

Auta, 'yarsu mai aikin jinya, ba ta sha wannan iskar ba.

"Baba, ko ka riƙe na'urar nuna hanya, ko Mama ta kulle takalman nan a akwati. Kuma in aka sake fita nemanka, hawan dutse ya ƙare."

A shagon kayan tafiya kuwa, mai shago ya ga ta kansa. Ya kawo wadda ake shafa gilashinta, Baba ya ce yatsansa ba na shafe-shafe ba ne, in hannu ya yi gumi fa? Ya kawo mai magana, muryar mace ta ce a juya hagu.

"Mayar da ita. Ina da irinta a gida."

Daga ƙarshe ya ɗauki wata rawaya mai kauri kamar sabulun wanki, mai maɓallai manya, wadda ke cin batir biyu irin na tocila kuma ruwa ba ya shigarta. Ya auna nauyinta a tafin hannu yadda yake auna ƙunshi, ya ce ba laifi.

"Abu ɗaya za ka riƙe, Baba," in ji mai shago. "Inda tafiyarka ke farawa, danna wannan maɓallin har ta yi ƙara. Ta riƙe wurin ke nan. In ka tashi komawa, bi kibiya."

Washegari ya rataya ta a wuya, ya cusa ta cikin riga kada a gani. Ya fita daga gida bai danna komai ba, don a wurinsa tsakanin gida da ofis ba tafiya ba ce, zuwa aiki ne. Sai da ya tsaya a ƙofar baya ta ofis ya danna har ta yi ƙara. Auta ta tambaya ko ya danna, ya ce ya danna, ba kuma ƙarya ya yi ba.

Wata guda yana hawa yana sauka, ba ya fito da ita sai don ya kama ta da kuskure. Bai kama ta ba, abin kuma ya ba shi haushi.

Ran da ta yi amfani, hadari ne ya haɗo da rana tsaka, gajimare ya sauko ya rufe dutsen, ko sandarsa da ƙyar yake gani. Hanya ta sake ɓace masa. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ba kowa sai ruwa, sannan ya zaro ta. Kibiya ta miƙe sambal, ba ruwanta da kwari ko ƙaya, shi ne mai kewayewa yana mita. Ta sauko da shi ta wata sabuwar unguwa da bai taɓa kai wa wasiƙa ba, ta ratsa da shi bayan kasuwa, ta tsayar da shi a ƙofar baya ta ofis, an riga an tashi. Ya dubi agogo. Yanzu kam takalma sun shiga akwati.

A kan bencin da ke ƙarƙashin rumfa, matarsa ce zaune da lema, abin awo har yanzu rataye a wuyanta.

"Auta na can ƙofar gida tana jiran kibiya ta kawo ka," ta ce. "Na bar ta ta yi ta jira."

"Ya aka yi kika san nan zan ɓullo?"

"Malam, shekara talatin da huɗu, ka taɓa dawowa wurina ba ka fara dawowa nan ba?"

Ya zauna gefenta, ruwa na ɗiga daga hularsa. Kunya ta hana shi dubanta.

"Ɓata na yi, Maman yara. Sau biyu ke nan."

"Na sani. Ni na tsince ƙayar wandon."

Hanyar gida ya san ta ko ido rufe, amma da suka miƙe sai ya ce, "Ta ina za mu bi?" Ta dube shi, ta miƙa masa lemar ya riƙe musu, ta shige gaba.

Auta ta tare su a ƙofa, idonta ja.

"Mama, mun fa yi magana. In aka sake nemansa..."

"Wa ya neme shi? Tarya na je."

Baba Wasiƙa ya wuce su bai ko cire takalmi ba, yana bar wa matarsa sawun laka a tsakar falo. Ya tsaya daidai kujerar keken ɗinkinta, ya zaro na'urar daga cikin riga, ya danna maɓallin ya riƙe har ta yi ƙara.